Balas, Ɗan Farin Dutsen Da Ke Tsayar Da Tsohuwar Mota

Duk wanda ya buɗe bonet ɗin tsohuwar mota mai shan fetur, irin ta shekarun 1960 da 1970, ya duba wajen kwail, sau da yawa zai ga wani ɗan farin abu kamar gutsuren tangaran, tsawonsa kamar yatsa, an ɗaure shi da noti a jikin bodi, wayoyi suna shiga ta kai biyu. Sunansa balas. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, amma ran da ya ƙone mota ba ta zuwa ko'ina, ko da tankinta cike yake da mai. Abin da ya fi wannan muni kuwa shi ne ya yi ja wur yana kusa da robar fetur. Shi ya sa na ga ya kamata in yi bayani a kan abin da ke sa shi zafi fiye da kima, musamman a motocin da aka cire musu kwantak aka sa musu ɗan akwatin lantarki, gama a nan ne ƙorafi ya fi yawa.

Kafin mu kai ga ciwon, bari mu san lafiyar tukuna. Injin fetur ba ya aiki sai an ƙyasta wa haɗin mai da iska wuta a cikin silinda, kuma wannan aikin fulogi ne. To, amma batirin mota bolt 12 kawai gare shi, ga shi kuwa wuta ba ta tsallake ratar bakin fulogi, wadda ba ta ma kai milimita ɗaya ba, sai ƙarfinta ya haura bolt 10,000. Kwail shi ne mai wannan dabara. A cikinsa akwai naɗin waya iri biyu a kan ƙarfe ɗaya. Na fari waya ce mai ɗan kauri, zagaye ɗaruruwa kaɗan. Na biyu kuwa siririya ce kamar gashi, zagaye wajen 20,000. In wutar batir tana bin naɗi na fari, sai ƙarfen ya zama maganaɗisu. Da an yanke wutar farat ɗaya, sai maganaɗisun ya rushe, rushewar nan kuwa ita ke haifar da babbar wuta a naɗi na biyu, ta bi distiributa ta faɗa wa fulogin da lokacinsa ya yi. Mai yanke wutar shi ne kwantak, wasu 'yan ƙarafa biyu masu buɗewa da rufewa. A injin mai silinda 4 da ke juyi 3,000 a minti, kwantak yana buɗewa sau 100 a daƙiƙa ɗaya. Ku lissafa ku gani, ƙyastu biyu ne a kowane juyi.

Wani Ba'amurke mai suna Charles Kettering, na garin Dayton a jihar Ohio, shi ya tsara wannan hanya. Kamfaninsa, Delco, ya sa ta a motar Cadillac ta 1910, sa'an nan a 1912 ya ƙara mata sitata mai aiki da lantarki. Har yau Faransawa delko suke ce wa distiributa, haka ma kanikawan da suka koyi aiki da Faransanci.

To, ina balas ya shigo? Sitata uban ci ne. Sa'ad da aka murɗa makulli don ta da mota, wutar da yake ja tana da yawa ƙwarai, har ƙarfin batir yakan sauko daga bolt 12 zuwa 9 ko 10. Watau daidai lokacin da injin yake da sanyi yana neman ƙyastu mai ƙarfi, a lokacin ne kwail yake samun mafi ƙarancin abinci. Sai masu ƙira suka yi wayo. Suka yi kwail wanda bolt 9 ko ƙasa da haka ya ishe shi, suka sa masa balas a gaba don ya rage wutar in mota tana tafiya. A lokacin tayarwa kuma akwai wata waya daban da ke zagaye balas, ta kai wa kwail duk abin da batir yake da shi. Da an saki makulli sai wannan waya ta mutu, balas ya karɓi aikinsa. Wannan tsari ya bazu a Amurka a tsakiyar shekarun 1950, sa'ad da suka bar batir mai bolt 6 suka koma mai 12, daga baya motocin Ingila da na Japan irin su Datsun da Toyota suka bi. Sunan kansa daga jirgin ruwa aka aro shi, gama haka Turawa ke kiran nauyin da ake zubawa a ƙasan jirgi don kada igiyar ruwa ta yi wasa da shi.

Ba kowace tsohuwar mota ke da shi ba. Bitil, alal misali, kwail ɗinta kai tsaye yake shan wutar batir. Wasu kuma suna da shi amma ba a ganinsa, domin kamfanoni irin su Ford da General Motors, da masu ƙirar Ingila a shekarun 1970, sun ɓoye shi a cikin damin wayoyi, wata doguwar waya ce ta musamman mai rage wuta. Ku riƙe wannan, za mu komo gare shi.

Abu na fari da nake so kowa ya gane shi ne, zafi aikin balas ne. In aka juya bayansa za a ga wata waya a naɗe kamar ta risho mai lantarki. Tana tare wa wuta hanya, abin da za mu kira turjiya, kuma duk wutar da ta tare zafi take zama. Turjiya ana auna ta da om, sunan Bajamushen nan Georg Ohm wanda ya buga ƙa'idarsa a 1827. Ƙa'idar kuwa mun yi ta a darasin Fiziks: a raba bolt da om, sai a sami yawan wutar da ke gudana, watau amfiya. Bari mu gwada. Kwail mai aiki da balas yawanci om 1.5 ne a naɗinsa na fari, balas ɗinsa ma wajen om 1.5. An haɗa, om 3 ke nan. A raba 12 da 3, an sami amfiya 4. Zafin kuma wani Bature ɗan Ingila, James Joule, ya nuna yadda ake lissafa shi tun wajen 1840: a ninka amfiya da kanta, sa'an nan a ninka da om. Huɗu sau huɗu 16, sau 1.5, wat 24. Ƙwan fitilar birki wat 21 ne, kuma duk wanda ya taɓa shi bayan ya daɗe a kunne ya san abin da ya ji. Saboda haka balas mai ƙona yatsa ba lalle ba ne yana da ciwo. Sabo fil ma yakan yi ɗan hayaƙi a ranar farko, sa'an nan ya daina. Wanda ke da ciwo shi ne mai yin ja, ko mai narka robar wayoyinsa, ko mai tsagewa, ko wanda ake sakewa yau, jibi a sake wani.

Ku lura da wannan ninki na amfiya da kanta, domin a nan gizo ke saƙa. In wuta ta ƙaru ninki biyu, zafi ninki huɗu yake ƙaruwa.

Kwantak yana da aibi. Bakinsa yakan ƙone, ratarsa takan sauya, kullum sai an goge an gyara. Don haka aka nemi abin da zai yanke wuta ba tare da ƙarafa sun taɓa juna ba, aka samu a taransisto. Kamfanin Chrysler ya fara sa irin wannan akwati a wasu motocinsa a 1972, a 1973 ya game duka, amma bai rabu da balas ba, har ma ya yi mai baki huɗu, gefe ɗaya na kwail, gefe ɗaya mai om 5 na akwatin. Direbobin waɗannan motoci sun shahara da ajiye balas na ko-ta-kwana a aljihun mota. General Motors kuwa da ya game nasa tsarin mai suna HEI a 1975, sai ya jefar da balas gaba ɗaya, akwatin da kansa yake iyakance wutar. Motocin yau ma ba su da shi, kwamfuta ke lura da kome, galibi kowane fulogi da kwail ɗinsa. Amma masu riƙe da tsofaffin motoci sukan sayi 'yan akwatuna irin su Pertronix, mai aiki da maganaɗisu, ko Lumenition, mai aiki da haske, su sa a gurbin kwantak. Abin kirki ne. Sai dai fa an aurar da sabon abu ga tsohon gida, in ba a yi bincike ba kuwa zama ba ya daɗi.

Babban mai laifi, a ganina, shi ne kwail da bai dace ba. Mutum ya sa akwati na zamani, sai ya ce ai sai kwail na zamani mai ƙarfi, ya je ya sayo wanda aka yi don motocin da ba su da balas, mai om 0.5 ko kusa da haka. A ido duk ɗaya suke, gwangwani ne da baki uku. To, mu koma allo. Om 1.5 da om 0.5 sun zama 2, a raba 12 da 2, amfiya 6. Shida sau shida 36, sau 1.5, wat 54. Watau balas ya tashi daga ƙwan birki ya koma kusan babbar fitilar gaba, wadda take wat 55. Ba a nan ɓarnar ta tsaya ba, gama taransiston da ke cikin akwati shi ma amfiya 6 ɗin nan yake haɗiya, kuma shi ne mai tsada. Masu yin Pertronix na asali sun rubuta a takardarsu cewa injin mai silinda 4 ko 6 yana bukatar aƙalla om 3 a wannan hanya, mai silinda 8 kuwa om 1.5. Launin kwail ma yakan yi magana a wani lokaci. Shuɗin kwail na Bosch wajen om 3 ne, ba ya son balas, jan kuwa an yi shi ne don ya yi aiki da balas mai om 1.8. Amma fenti ba hujja ba ne, mita ce hujja.

Na biyu shi ne barin makulli a buɗe injin yana kashe. Sa'ad da mota ke tafiya, wutar kwail ba ta gudana ko yaushe, ana kunna ta ana yankewa, saboda haka balas yana samun ɗan hutu tsakanin ƙyastu da ƙyastu. In injin ya tsaya kuwa, aka yi rashin sa'a ya tsaya a inda hanyar take a rufe, to, wuta za ta yi ta kwarara ba numfashi. Baba ya tsaya a ƙofar gida yana sauraron labarai a rediyon mota, ko an bar ƙannenmu a ciki suna wasa da makulli, minti goma sun isa a yi asara. Wasu akwatunan na baya-baya sukan yanke wutar da kansu in sun ji injin ba ya juyi, amma na farko-farko ba su da wannan wayo. Akwai kuma akwatunan da tun asali sukan bar wuta a kwail tsawon lokaci fiye da kwantak, shi ya sa wani zai ce tun da ya sa lantarki balas ɗinsa ya ƙara zafi. Gaskiyarsa, kuma wannan kaɗai ba ciwo ba ne.

Sai kuma 'yan cin arziki. Mai riwaya yana neman wayar da ke da wuta in an buɗe makulli, don ya haɗa famfon fetur mai lantarki, ko rediyo, ko wata fitila, sai ya ga bakin kwail a kusa, ya ɗaura a nan. Bai lura ba cewa wannan wuta ta cikin balas ta biyo. Yanzu balas yana ciyar da gida biyu, yana ƙara zafi, kwail kuma yana raguwa da ƙarfi. Jar wayar akwatin lantarki ita ma yawanci cikakken bolt 12 take so, saboda haka wurinta gaban balas ne, ta gefen makulli.

Caji ma abin dubawa ne. In injin yana aiki, altaneta takan riƙe batir a wajen bolt 14. Da om 3, zafin balas a lokacin da wuta ke gudana wat 33 ne ko kusa. In abin da ke daidaita caji ya lalace ƙarfin ya hau 16, sai ya zama wajen wat 43. Irin wannan mota za a ga ƙwayayen fitilarta suna yawan mutuwa, ruwan batirinta yana ƙafewa. Ruwa ba ya tsami banza.

Akwai wani ciwo da na gani da idona a hutun da ya wuce, a garejin Kawuna, wanda ya fi duk waɗannan ban sha'awa. An turo wata tsohuwar a-kori-kura wadda mai ita ke ɗaukar kayan miya zuwa kasuwa. In an murɗa makulli sai ta tashi, da an saki sai ta mutu. Wannan kuwa ita ce sananniyar alamar mutuwar balas, domin a lokacin murɗawa wayar zagaye ke ciyar da kwail, da an saki sai aiki ya koma kan balas, in ya tsinke shi ke nan. Mai motar ya san haka, har ya sayi sababbi biyu, kowanne ya yi hayaƙi ya ƙone, ga tumatir yana jira a rana. Kawu ya buɗe makulli, ya kai bayan hannunsa kusa da na ukun ba tare da ya taɓa ba, sai ya ce mini, "Kai ɗan boko, mataccen balas zafi yake yi ko sanyi?"

Na ce, "Kawu, in ya tsinke ai wuta ba ta bi, sanyi zai yi."

Ya ce, "To, wannan ga shi kamar garwashi. Wani ne ke shanye wutar."

Ya tambayi mai motar abin da aka taɓa kwanan nan, ya ce an sauya sitata. Ashe tsohon sitatan yana da wani ɗan baki na musamman a jikin solonoyid, watau ɗan gwangwanin da ke bisansa, wanda ba ya samun wuta sai lokacin tayarwa, kuma bayan haka ba ya haɗe da kome. A nan wayar zagaye take zama. Sabon sitatan ba shi da wannan baki, sai wanda ya yi aikin ya haɗe wayar da bakin da makulli ke turo wa wuta. A lokacin tayarwa kome daidai. Amma da an saki makulli, sai wutar da ta fito daga balas ta ga hanya biyu, ga kwail, ga kuma naɗin solonoyid wanda turjiyarsa ba ta kai om ɗaya ba, sai ta juya da baya ta bi mai sauƙin ta zube a bodi. Kwail ya rasa abinci, balas kuma ya ɗauki kusan dukan bolt 12 shi kaɗai. In aka raba 12 da 1.5 amfiya 8 ne, watau zafin yana neman wat 96. Kawu ya sa rile a tsakani, motar ta tashi ta zauna. Dayod mai ƙarfi, wanda ke barin wuta ta bi gefe ɗaya kawai, shi ma yana yin wannan aiki. Irin wannan zafi kuma shi ake samu in wayar da ke tsakanin balas da kwail ta goge ta taɓa bodi.

Duk binciken nan da mita ɗaya ake yin sa, irin wadda muke da ita a ɗakin kimiyya. A kashe makulli, a bari abubuwa su huce, a zare wayoyin balas, sa'an nan a auna om ɗinsa. Tun da lambobin ƙanana ne, a fara haɗa bakin wayoyin mitar da juna a ga abin da ta nuna, wataƙila 0.2 ko 0.3, a debe shi daga abin da aka samu. Haka za a yi wa ƙananan bakin kwail biyu. A tara su, in jimlar ta gaza om 3 a injin mai silinda 4, to, a koma ga takardar akwatin a ga ko ya yarda da haka. Bayan wannan a mayar da wayoyi a auna bolt. Gefen makulli ya kamata ya nuna kusan na batir. Gefen kwail kuwa akwai tarko, domin in wuta ba ta gudana a wannan lokaci, shi ma 12 zai nuna, mutum ya zaci balas ba ya aiki. Balas ba ya rage kome sai wuta tana bi ta cikinsa. In tana bi injin yana tsaye, za a ga wajen rabi, 6 ko 7. In injin yana aiki sai lambar ta ɗaga zuwa 9 ko kusa, saboda yankewar da ake yi. Wanda zai yi wannan gwaji ya cire zobe da agogon ƙarfe, kada ya bar makulli a buɗe fiye da 'yan daƙiƙu, kuma ya nisanci babbar wayar tsakiyar kwail.

A kuma dubi inda zafin yake. In a baki ɗaya ne kawai roba ta narke ta yi baƙi, to, ba balas ba ne, bakin ne ya yi tsatsa ko ya saki, ya zama ƙaramin balas shi ma. A goge da sandfefa a matse. Mazauninsa kuma ya zama jikin ƙarfe inda iska ke kaɗawa, nesa da salansa da robar fetur, kada a naɗe shi da tef, kada kuma a watsa masa ruwa yana da zafi wajen wankin injin, gama tangaran ne, tsagewa zai yi.

Akwai kishiyar wannan ciwo, inda balas yake lafiya lau amma mota ba ta da ƙarfi, tana wuyar tashi tana tari. Sau da yawa an haɗa kwail mai om 3 da balas ne, ko kuwa motar tana da ɓoyayyar wayar nan da na ambata, wani bai sani ba ya ƙara na tangaran a kai. Mai mota sai ya yi ta kashe kuɗi a kan kafireta.

Saura maganar da direbobi ke yawan yi, cewa in ya mutu a hanya sai a haɗe bakinsa biyu da guntuwar waya a wuce. Lalle motar za ta tashi. Amma kwail mai om 1.5 zai sha bolt 14 kai tsaye, fiye da amfiya 9 ke nan, ninki biyu na abin da ya saba, zafinsa kuma ninki huɗu. In kwantak ne, bakinsa zai ƙone, kuɗinsa kaɗan ne. In akwatin lantarki ne, yana iya mutuwa nan take ba gargaɗi, kuma ba a gyara shi a bakin hanya. Ni dai a ganina wannan dabara ta fita daga daji da dare ce zuwa gari mafi kusa, a tsaya a hanya a bar kwail ya huce, da an isa kuma a cire wayar. Wanda zai sayi sabo ya tafi shago da mitarsa, domin balas mai om 0.5 da mai om 1.8 kamarsu ɗaya a cikin kwali, kuma ba kowanne ne aka buga wa lamba a jiki ba.